Babbar Riga a Kan Bokitan Umma

Duk ranar da bas ya bi da ni ta bakin kogin nan, kaina nake juyawa ɗaya gefen. Ginin yana nan, fari fat, gilashi ta ko'ina, ga kyamarori a kan dogayen sanduna. Ofishin tsaron tashar jiragen ruwa ne. Daga ciki ake sa ido a kan duk jirgin da ya shigo da kaya, daga nan kuma 'yan sintiri ke fita a ƙananan jiragensu. Wajen ƙofar baya, inda ma'aikata ke ajiye motoci, nan ne Umma take shuka kabewa a da.

Ina sakandare muka zo London. Abba likita ne, aiki ya kawo shi, mu kuma muka biyo baya. Da ya rasu, Umma ta yi takaba ta fita, amma ba ta fita daga falo ba. Flat ɗinmu can sama yake, kusa da rufin bene. Da safe in tafi aiki tana zaune gaban taga, in dawo da yamma tana nan, shayin da na haɗa mata ya yi sanyi a gefe. Yayyena duk sun yi aure sun watse, ni ce auta, ni kaɗai nake ganin abin kullum. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira 'yan uwanta a Kano su yi mata magana. A banza.

Wata nas ce a asibitin unguwa ta ce mu gwada lambu. Akwai wani tsohon fili na council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, a bakin kogi, tsakanin katanga da wani sito da aka daina amfani da shi, an yayyanka shi ƙanana an raba wa mutanen unguwa. Na sa sunan Umma, muka yi ta jira har na manta, sai aka kira. Ranar farko da kyar na sa ta cikin lift. Da muka isa ta tsaya tana kallon wurin, duk ciyawa da fasassun kwalabe. Ta sunkuya ta damƙi ƙasa ta murza, ta ce ƙasar nan yunwa take ji. Washegari ita ta tashe ni.

Alayyahu ta fara shukawa. Daga baya ta kafa 'yar rumfar leda saboda sanyi, ta sa rama da yakuwa a ciki. Kuɓewa kuwa duk shekara sai ta mutu, duk shekara kuma sai Umma ta sake gwadawa, tana ce mata mai taurin kai. Kabewa ce ta karɓi wurin. Ƙanwarta ce ta aiko mata irin daga gida, kabewar ta yi yaɗo ta haye wayar shinge ta shiga fegin maƙwabciyarta, wata tsohuwar Baturiya mai shuka tumatir. A kan haka suka saba. Turancin Umma bai wuce na gaisuwa da cefane ba, amma sai ka gan su zaune a kan akwati ɗaya suna musayar iri suna dariya. Matar da ta ƙi sauka ƙasan bene ta koyi hawa bas ita kaɗai. Ta yi baƙi, ta rame daidai, ta dawo tana yi min faɗa a kan gishirin miya. Na samu uwata.

Sai council suka ɗaura takarda a jikin sandar fitila. A tsakiyar sanyi, lokacin da babu mai leƙa lambu sai mahaukaci. Tsohuwar Baturiyar ce ta gani da ta fito yawo da karenta, ta kira ni. Wai kamfanin da ke kula da tashar yana neman izinin gina ofishin tsaro a filin, kwamitin council zai zauna ya yanke. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na karanta rahoton a wayata. Sun rubuta cewa fili ne da ba a cika amfani da shi ba. Sun haɗa da hotuna, kuma duk a watan Janairu aka ɗauke su, lokacin da ko ciyawa ta kwanta. Ku je gonar kowa a Kano da rani ku ɗauki hoto mana, ku ce ba a noma.

Ni ban taɓa cewa kada a tsare kogi ba. A tsare. Amma dab da lambun akwai wani makeken fili da aka shinge, babu komai a ciki sai tattabaru, na masu jiran ƙasa ta yi tsada su gina flat. Wannan sai an saya. Namu kuwa na council ne, kyauta, kuma a kansa tsofaffi ne da ba sa hayaniya.

Na shiga aiki. Na yi booking na yin magana a zaman kwamitin, don masu adawa minti uku ake ba su, kuma sai ka nema tun wuri. Tsohuwar Baturiyar ta san siyasar unguwa kamar tafin hannunta. Ta ce kwamitin a rabe yake, amma kansilan mazaɓarmu yana ciki kuma yana tare da mu, ya taɓa zuwa lambun da bazara ya ga yadda yake. In dai ya zauna a kujerarsa ya ɗaga hannu, muna da dama. Abin da ake buƙata ke nan kawai, mutumin nan ya zauna a kujerarsa.

Umma ta ce ba za a je gaban hukuma ba a gaya wa Alhaji ba.

Alhaji shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa a ɓangarenmu. Ya yi aikin ofis wajen Charing Cross har ya yi ritaya. Kuma gaskiya ɗaya ce, ranar da Abba ya rasu shi ya tsaya a kan komai, wanka, takardu, kabari, har abincin masu zaman makoki. Mu ba mu san ko ta ina ake farawa ba. Don haka a gidanmu in an ce Alhaji, an gama magana.

Ya zo ya zauna a kujerar Abba, ya sha shayi, ya saurare ni har na gama, ina nuna masa rahoton a waya yana kallon bango.

Ya ce, "'Yata, ku yaran yanzu komai waya. Hukuma ƙofa gare ta. Mutum ake gani, a gaishe shi, ya san da zamanka."

Na ce, "Baba, na riga na yi booking, ranar zaman kawai za mu je."

Ya ce to, Allah ya kai mu. Na ɗauka an wuce wurin.

Ranar Asabar ina shift a kantin maganin da nake aiki a Lewisham. Ashe ranar ce kansilan ke zama a laburaren unguwa yana jin koken mutane. Alhaji ya kwashi dattawa biyu da Umma suka tafi, babu wanda ya ce min uffan. Daga baya Umma ta ba ni labari. Ita kabewa ta ɗauka, ta ƙarshe, babbar da ta ɓoye a ƙarƙashin gado don ta fasa ta cire iri in lokacin shuka ya zo. Alhaji ya dubi kabewar ya ce wannan ai tsarabar maƙwabta ce, ba a zuwa gaban babban mutum da kayan miya, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Ya fito da babbar riga sabuwa dal, shadda mai aska takwas, aikin hannu, wadda ya ɗinko a Kano bai taɓa sawa ba. Da hula.

Kansilan ya ce a'a. Ya sake cewa a'a, yana ja da baya har ya bugi kantar littattafai. Alhaji ya ce wa dattawan, kun gani, mutumin kirki ne, yana da kara. Don a wajenmu ai sai ka ƙi sau biyu kafin ka karɓa. Ya warware rigar da kansa ya zura masa ta ka, ya ɗora masa hula, aka tura masa kabewa a ƙirji, aka ɗauki hoto.

Lokacin hutun cin abinci na ga hoton a guruf ɗin ƙungiya. Alhaji ya rubuta a ƙasa, an gama magana da yardar Allah. Mutane sai zuba addu'a suke, wasu na turawa wasu gurufan. Bature ya nutse cikin riga, ya rungumi kabewa, fuska ta yi ja kamar tattasai. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Da na buɗe hoton sosai na dubi idonsa sai dariyar ta tsaya. Kamar wanda aka zuba wa garwashi a hannu aka ce ya yi murmushi.

Ranar zaman na taso daga aiki kai tsaye. Dattawa sun sha manyan kaya, ƙamshin turare ya cika zauren, sun jeru a layin gaba. Umma na gefena, tsohuwar Baturiyar na bayanmu da sauran masu lambu. 'Yan kwamiti na zaune a dogon tebur, kowa da makirufo. Kansilanmu na nan a kujerarsa, bai dubi inda muke ba ko sau ɗaya.

Da aka zo kan maganarmu, shugabar kwamitin ta tambaya ko akwai wanda ke da wata alaƙa da batun da ya kamata ya bayyana. Kansilanmu ya miƙe. Ya ce masu adawa da ginin sun ziyarce shi, sun ba shi kyauta mai daraja, hoton ya yaɗu, ya miƙa kayan ga ofishin council, kuma bisa ƙa'ida ba zai zauna a kan wannan batu ba. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Na ji tsohuwar Baturiyar ta sauke wani dogon numfashi a bayana.

Na sunkuya wajen Alhaji. "Baba, fita ya yi. Ba zai kaɗa ƙuri'a ba."

Ya yi murmushi ya dafa gwiwarsa. "Wannan na idon jama'a ne, 'yata. Babba ba ya aiki a fili. Ya riga ya yi magana da su."

Turanci yake ji fiye da ni. Ya ji duk abin da mutumin ya faɗa. Bai yarda ba ne kawai.

Jami'in council ya haska hotunan nan a bango, manya-manya. Ƙasa baƙa, karan tumatir a bushe, rumfar leda iska ta yage ta, wani shuɗin bokiti a kife cikin taɓo. Umma ta taɓa ni ta ce a hankali, "Bokitina ne wancan." Sai mutumin kamfani ya tashi, kwat mai kyau, murya mai sanyi, ya yi maganar tsaron kogi da ayyukan yi ga matasa. Ko sau ɗaya bai ce lambu ba. Fili yake cewa.

Aka kira masu adawa. Kafin in tattara jakata Alhaji ya riga ya miƙe yana gyara hannun riga. Na yunƙura, Umma ta damƙe min wuyan hannu. Yaro ba ya shiga gaban babba. Ya isa makirufo, agogo ya fara tafiya, ya fara gaisuwa. Ya gai da shugaba, ya gai da 'yan kwamiti, ya gai da ma'aikata, ya gode wa ƙasar da ta karɓe mu hannu bibbiyu, ya yi bayanin zaman lafiyar da al'ummarmu ta shahara da shi. Fitilar gaban teburin ta koma ruwan ɗorawa, alamar lokaci ya kusa ƙarewa, bai ambaci ko alayyahu ba.

Na ɓamɓare yatsun Umma ɗaya bayan ɗaya. Na je na tsaya kusa da shi na ce, Baba ka yi haƙuri, na jawo makirufon. Ban san me na faɗa daidai ba. Na san na ɗaga wayata da hoton watan Agusta, kabewa ta rufe wayar shinge, Umma a tsakiya da fartanya, hoton da babu wanda zai iya gani daga inda suke zaune. Na ce a sanyi kuka ɗauki hotonku. Na ce uwata ba ta fita daga gida sai da ta samu wurin nan. Na ce ga fili can babu kowa. Fitila ta yi ja, aka kashe makirufon ina tsakiyar magana.

Duk da haka wata kansila ta tambayi jami'in yaushe aka ɗauki hotunan, ya yi ta juya takardu. Wani ya tambaya ko an duba ɗaya filin. Aka ce a ɗaga hannu. Masu so, masu ƙi. Suka zo daidai wa daida. In haka ta faru shugaba ce ke raba gardama, ta kuwa raba, ko ɗago kai ba ta yi ba. An amince da ginin. Ni dai kujerar nan nake kallo, wadda babu kowa a kai, da kofin ruwan da bai sha ba.

A bakin ƙofa na fashe. A gaban dattawa, a gaban masu lambu, na ce wa Alhaji rigarsa ce ta cinye mana lambu. Na ce nan ba sakatariyar ƙaramar hukuma ba ce da za a shiga da tsaraba a fito da alkawari. Na tambaye shi wa ya aike shi. Ya tsaya yana kallona, bakinsa na motsi, hularsa ta ɗan karkace. Ɗaya dattijon ya ce yarinyar nan ba ta da kunya.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Auta, ya isa. Shi ya binne mahaifinki."

Ta ja hannuna muka nufi wajen bas.

Haushin har yau bai sake ni ba, kuma ba shi da wuri ɗaya. In na tuna wanda ya fita da kyamara cikin Janairu ya ɗauki bokitin uwata, sai in ji kamar in je ofishinsu in kife tebur. Ya san abin da yake yi. In na tuna kansilan, sai in ce kai kuma ina bakinka, ka ce musu in kun sa min rigar nan kun kashe kanku, ai da Alhaji ya ji. Ya tsaya yana kunyar kada ya ɓata wa baƙi rai. Mutanen da suka tsara hotunan ƙarya babu ƙa'idar da ta fitar da su daga zaure, amma riga ta fitar da mutum. Alhaji kuwa har gobe yana gaya wa mutane cewa an riga an gama magana tun daga sama, zaman duk wasan kwaikwayo ne. Wataƙila. Ni dai na ga hannuwa sun zo daidai.

Ba su bari an yi ko shukar bana ba. Aka ce kowa ya kwashe kayansa kafin a kafa shinge. Suka ce za a ba masu lambu wani wuri, da na bincika sai na tarar can bayan gari ne, bas biyu da jirgin ƙasa, kuma layin jira ne mai tsawo, na dai sa sunan Umma. Tsohuwar Baturiyar ta ce ita ba za ta kai ba, ta raba wa mutane kayan aikinta, ta ba Umma almakashin yankan reshe, suka rungumi juna a bakin waya. Umma ta ce ƙasarta ba za a zuba mata kankare ba, ita ta ciyar da ita. Muka cika bokitai, har da shuɗin nan, na kira tasi, direban yana ta ƙunƙuni a kan kujerunsa. Na yi ta jigila a lift. Muka jera su a 'yar barandar flat, wurin da ko tabarma ba ta shimfiɗuwa sosai. Ta zuba alayyahu da yakuwa. Kabewa ba ta zama a bokiti, kuma ma babu iri.

Ana nan sai ga akwati daga council, da sunan Umma, don da sunanta aka yi ziyarar. Rigar ce da hular, a ninke cikin leda. Na kira na tambayi kabewar, wata mata ta ce abin da ke lalacewa ba a ajiyewa, an zubar. Na gaya wa Umma. Ta ce to. Ta tura akwatin bayan kujera.

A satin ne sanyi ya dawo bagatatan, irin na ƙarshen hunturu mai ƙone tsiro. Na tashi da safe zan tafi aiki, na leƙa baranda. Umma ta warware babbar rigar ta lulluɓe bokitan gaba ɗaya da ita, ta danne gefuna da murafen tukwane. Ta rufe su tsaf kamar don su aka ɗinka. Aska takwas na sama, raɓa ta jiƙe ta, tattabara har ta yi mata kashi a kafaɗa.

Ranar Lahadi Alhaji ya zo yi mana jaje. Tun daren zaman ban gan shi ba. Na durƙusa na gaishe shi don Umma na kallona, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce haka Allah ya so, wataƙila hakan ne mafi alheri. Ya ce yana tunanin a haɗa tawaga a je a ga shugaban kamfanin. Na ciji leɓe. Sai ya ce ya ji an dawo da 'yar amanar nan. Yana faɗa idonsa ya kai kan gilashin baranda. Ya ajiye kofin shayi.

"Hajiya, wancan ai kamar..."

"Ita ce, Alhaji," in ji Umma. "Ai saboda lambu ka bayar. Ga ta tana aikin lambu."

Ta ƙara masa shayi, ta tambaye shi ya jikin maiɗakinsa, ta sa na zuba masa dambu a kwano ya tafi da shi. Hular kawai ya ɗauka.

Alayyahun ya yi, ba laifi, ana samun na miya. Amma baranda dab da kujerar taga take, ko mayafi ba a sawa. Katin bas ɗin Umma yana kan firji tun ranar da muka kwaso ƙasa, na daina ce mata ta ɗauka. Duk safiya a tube ina duba layin jiran nan a waya, bai motsa ba. In sanyi ya sauko da yamma tana tashi ta ja rigar ta rufe bokitanta, shaddar ta koɗe ta koma kalar toka, sannan ta dawo ta zauna gaban taga.